Yaro ya gama maganin ciwon daji (kansa) an ce ya warke, sai kuma me?

Anti Nas:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Maganar da aka taɓo jiya da daddare ba ta ƙare ba, gara a ba ta nata fili. Yaro ya sha kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansa, ko an cire masa ƙoda ko ido, ko an kai shi gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, likitoci sun ce ciwon ya tafi. An yi sadaka, an koma gida. Daga nan me ya kamata a riƙa dubawa, duk bayan wata nawa, kuma har yaushe? Don Allah a yi magana da lissafi. Iyaye sun gaji da jin "a riƙa leƙa asibiti."

Likitan Yara:
Wa alaikumus salam Anti. Bibiyar iri biyu ce, mutane ke haɗa su. Ta shekaru biyar na farko tsaro ne kada ciwon ya dawo. Ɗayar kuwa neman tabon da shi maganin ya bari ne, ita ba ta da ranar sallama. Zuciya na iya yin shiru shekara goma sha biyar sannan ta nuna.

A Amurka akwai babban binciken da aka fara a 1994, ana bin waɗanda aka gano musu ciwon tsakanin 1970 da 1986. Sakamakon 2006 ya nuna kashi 62 cikin 100 na waɗanda suka girma suna ɗauke da aƙalla lalura ɗaya mai daɗewa, sama da kashi 27 kuma tasu mai tsanani ce. Asibitin St. Jude da ke Memfis da ya kira nasa tsofaffin majinyatan ya yi musu gwaji daga kai har ƙafa maimakon tambayar baki, ya ƙiyasta cewa zuwa shekara 45 fiye da kashi 95 na da wani abu, da yawa ma ba su sani ba.

Sai dai ba kowa ake yi wa kowane gwaji ba. Irin maganin, yawansa, da shekarun yaron lokacin da aka ba shi, su ke nuna inda za a duba. Shi ya sa nake farawa da takarda. Kafin a bar asibiti a nemi likitan da ya yi aikin ya rubuta shafi ɗaya: sunan ciwon da matakinsa, ranar farawa da ranar gamawa, sunan kowane magani da jimillar abin da aka bayar, irin tiyatar da aka yi, wurin da aka gasa da adadinsa, da ko an ƙara jini, leda nawa. A yi hotonta a waya, a yi fotokwafi biyu, ɗaya a wurin uwa ɗaya a wurin uba. Folda tana ɓata, likitoci suna canja wurin aiki, yaron da ya sha magani yana ɗan shekara huɗu kuma ba abin da zai tuna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan Lab:
Likita, da girmamawa, ina da ja. Alƙaluman nan na mutanen da aka yi wa magani shekara arba'in zuwa hamsin da suka wuce ne, lokacin da ake gasa kai da ƙirji ba ƙaƙƙautawa. Kuma a can fiye da kashi 80 na yaran ke rayuwa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe da yawa irin namu ba su kai kashi 30 ba. Babbar matsalarmu ita ce a zo a makare, ko a gudu da yaro bayan zagaye na biyu. Uban da ya sayar da gona, ka ce masa bayan duk wannan tsugune ba ta ƙare ba, zuciya ko haihuwa na iya taɓuwa, ai cewa zai yi da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ina tsoron wannan zancen ya ƙara korar mutane.

Likitan Yara:
Rabin maganarka gaskiya ce. Su ma masu binciken sun nuna haka a 2016: mutuwar da ke zuwa daga baya, idan aka ƙirga shekara 15 daga gano ciwon, ta sauka daga kashi 12.4 ga 'yan farkon shekarun 1970 zuwa kashi 6 ga 'yan shekarun 1990, saboda an rage gashi an rage wasu magunguna. Namu yaran ma ba irin nasu ba ne sak. Mu mun fi ganin kansar Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, da ta ido, da ta ƙoda. Waɗanda suka tsira a nan sun fi fita da ido ɗaya, ƙoda ɗaya, ko ƙafar roba, ga ƙarin jini da yawa, ga tamowa a ƙasa.

Inda ban yarda da kai ba shi ne a yi shiru. Lokacin faɗa ne ake zaɓa. Ranar farko magana ɗaya ce, in ba a yi maganin ba ciwon kisa yake yi. Ranar gamawa kuma sai a zauna a yi wannan. Shirin da Hukumar ta ƙaddamar a 2018 yana neman kashi 60 su rayu nan da 2030. In an kusanci hakan, waɗannan yaran za su cika asibitocin manya, likitan da zai gan su kuma bai san me aka ba su ba.

Ɗan Maraɗi:
Sannunku da aiki. A wajenmu lokotoro yakan rubuta a karne, wato ɗan littafin asibiti, amma karnen yara sai ya cika a sake wani, tsohon ya bi shara. Tambayata ga masana magani: in takarda ta riga ta ɓata, iyaye kuma ba su yi boko ba, akwai hanyar gane abin da yaro ya sha?

Malam Famasi:
Akwai dabara, ko da yake ba ta kai takarda ba. Da farko sunan ciwon da shekarar da wurin da aka yi maganin suna nuna tsarin da aka bi, don tsare-tsaren ba su da yawa. Sannan a tambayi uwa launi. Ba ta manta jan maganin da ke sa fitsari ya yi ja kwana ɗaya ko biyu, wannan doksorubisin ne ko ɗan'uwansa daunorubisin, su ne masu taɓa zuciya. A tambaye ta sau nawa aka ɗaura shi. Mai ruwan ɗorawa yawanci metotireksat ne ko aktinomaisin. In an riƙa ɗaura ruwa leda bayan leda ana auna fitsari, a yi zargin sisfilatin, ifosfamaid, ko saikulofosfamaid mai yawa.

Kuskuren da aka fi yi ko da folda na hannu shi ne a tara miligiram ɗin da aka zuba a sirinji. Da faɗin jiki ake lissafin. A ninka tsayi a santimita da nauyi a kilo, a raba da 3,600, a ɗauki tushen murabba'i. Yaro mai santimita 110 da kilo 18: 1,980 a raba da 3,600 ya ba da 0.55, tushensa 0.74. In an ba shi miligiram 37, to 50 mg/m² ke nan, wato miligiram 50 a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki. Sau biyar ya zama 250. Wanda ya tara 37 sau biyar zai ga 185 ya ce yaron na tsakiya ne, alhali ya shiga sahun masu babban haɗari. Kowane zagaye da nauyin ranar ake lissafa shi. Daunorubisin kuma ana ɗaukar rabinsa ne idan za a mayar da shi ma'aunin doksorubisin.

Likitan Zuciya:
Madalla Malam, ka share mini hanya. Ƙa'idar bibiyar zuciya ta ƙasa da ƙasa da aka sabunta a 2023 ta raba su uku. Wanda ya kai 250 mg/m² na jan maganin, ko aka gasa ƙirjinsa da Gy 30 zuwa sama (Gy shi ne ma'aunin yawan hasken gashi), ko ya haɗa 100 na maganin da Gy 15 na gashi, hoton zuciya na eko duk shekara biyu. Wanda ke tsakanin 100 da 250, ko Gy 15 zuwa ƙasa da 30, duk shekara biyar. Wanda bai kai 100 ba kuma gashin bai kai 15 ba, ba sai an yi ta kashe kuɗi ba. Hoton farko kada ya wuce shekara biyu da gama magani. Isiji, gwajin bugun zuciya da ake manna wayoyi a ƙirji, shi kaɗai ba ya wadatarwa, yana iya fita tas alhali naman zuciya ya saki.

Dalilin jinkirin shi ne maganin yana kashe wani ɓangare na ƙwayoyin naman zuciya, su kuwa ba sa sake tsirowa. Sauran suna riƙe ƙaramin jiki lafiya lau. Sai balaga ta zo jiki ya ninka, ko ciki, ko hawan jini, sannan gazawar ta fito. A matashi ba lallai ta fara da kumburin ƙafa ba. Sau da yawa ciwon ciki ne da tashin zuciya da saurin ƙoshi, a yi ta ba shi maganin olsa. A tambaya ko yana iya kwanciya rigingine ba tare da ƙara matashin kai ba, ko yana tsayawa haki a inda sa'anninsa ke wucewa. In ƙarfin turawar zuciya a eko ya sauka ƙasa da kashi 50 cikin 100, a turo mana ko yaro na wasansa.

Abu mafi araha a duk zancen nan shi ne awon hawan jini sau ɗaya a shekara, don hawan jini a kan zuciyar da ta sha jan magani ninka haɗarin yake yi. Mai babban haɗari kuma a duba shi kafin ya shiga dako ko ɗaga ƙarfe. Tafiya, keke, ƙwallo, duk muna so.

Hajiya Ungozoma:
Likita ka taɓo ciki ka wuce, ni kuwa nan ne nawa. Duk yarinyar da ta sha wannan jan maganin, a yi mata eko kafin ciki ko a watanni ukun farko, a rubuta a katin awo da jan biro. In tana shan lisinofiril ko enalafiril, magungunan hawan jini da zuciya, a canja mata tun tana neman cikin, suna lahanta ƙodar jariri. Kuma kada a manta da yankinmu: ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a Kano, Zariya da Sakkwato tun ba a kawo zancen kemo ba. Ni dai a ganina wankan jego da kunun kanwa ne ke jawo shi, a hana su kawai.

Likitan Zuciya:
Hajiya, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Likitocin Zariya na shekarun 1970 sun danganta shi da al'adun jego, amma binciken baya-bayan nan a Najeriya bai tabbatar da cewa su ne sanadi ba, ya fi nuna rama, talauci da hawan jinin ciki. Inda kike da gaskiya ɗari bisa ɗari: kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana tara ruwa a jiki. Zuciyar da dama ta raunana ba ta ɗaukar kofi bayan kofi na kunun kanwa kwana arba'in, ga ruwa mai ƙuna safe da yamma. Ga wannan mai jegon, kunu ba kanwa, ruwa mai ɗumi. Kuma da kakarta ko uwar miji za a yi maganar, su ke riƙe da ludayin.

Anti Nas:
Haka ne wallahi. To mai ƙoda ɗaya fa? Tambayar azumi ba ta ƙarewa.

Likitan Yara:
Ƙodar da ta rage tana girma ta ɗauki aikin biyu, yawancinsu suna rayuwa lafiya. Abin da ake tsoro shi ne ta gaji a hankali, alamar farko kuma furotin ne a fitsari da hawan jini. Saboda haka duk shekara: awon hawan jini, tsinken gwajin fitsari, da kiriyatinin, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda. In ukun nan lafiya, babban yaro ko baligi na iya azumi, a yi gwajin kafin Ramadan, a rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur, a guji aikin rana. In ɗaya ya karkace, sai da izinin likita.

Maƙiyanta suna kemis: daikulofenak, ibufurofen, firoksikam, da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ba suna. Sai allurar jentamaisin da ake dankara wa yara kan kowane zazzaɓi. Farasitamol ya isa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba a bar su. Gudawa da amai kuma ga mai ƙoda ɗaya ba abin jira ba ne, a fara ruwan gishiri da suga nan take.

Ifosfamaid daban yake, yana sa ƙoda ta riƙa zubar da sinadarin fosfet, ƙafafun yaro su gwame ko ya daina tsayi, musamman in an ba shi bai kai shekara huɗu ba ko jimilla ta kai giram 60 a kan m². Sannan jini a fitsari: a ƙauye za a ce tsargiya ce, sau da yawa ma ita ce. Amma wanda ya sha saikulofosfamaid ko aka gasa ƙugunsa, in an ba da maganin tsargiya jini bai tsaya ba, a leƙa mafitsara.

Malamin Firamare:
Ranku ya daɗe, ku taimaka mana mu na aji. Yaro ya dawo bayan shekara biyu, da can yana cikin na gaba, yanzu sai kallo. Iyaye su ce sangarta ce ta jinya, malamai su ce daƙiƙanci. Ta ina za a fara?

Likitan Yara:
Malam, fara da kunne. Sisfilatin yana kashe jin sauti masu siriri, kuma ba ya dawowa. An fi ganinsa ga wanda aka ba yana ƙasa da shekara biyar ko jimilla ta kai wajen 360 mg/m². Yaron yana jin an kira sunansa, shi ya sa gida ba sa yarda kurumta ce. Abin da ya ɓace masa su ne s, sh, ts da f. Ka tsaya bayansa ka ce "saya" ka ce "tsaya", ka ce "sa" ka ce "sha", ka gani. A ɗaki shiru yana kamawa, a aji mai yara tamanin ya ɓace. Gwajin ji na na'ura duk shekara kafin shekara shida, duk shekara biyu daga shida zuwa goma sha biyu, daga nan duk shekara biyar. A zaunar da shi gaba, malami ya fuskance shi in zai yi magana, in an ce na'urar ji a sa da wuri kafin harshensa ya lalace.

In kunne lafiya, a koma kan ƙwaƙwalwa. Gashin kai, da metotireksat mai yawa ko wanda ake yi ta gadon baya ga masu kansar jini, suna rage saurin fahimta da riƙe abu biyu a lokaci guda. Wayonsa na nan, gudu ne ya ragu. Lissafi ke fara nunawa, yawanci shekara biyu zuwa biyar bayan magani, lokacin da kowa ya manta. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ƙarin lokaci a jarrabawa, a rage kwafe daga allo. Bulala ba ta ƙara komai. Ka kuma dubi takalminsa: in bakin ya fi cinyewa yana yawan tuntuɓe, ko alli na suɓuce masa, binkiristin ne ya taɓa jijiya, a kai shi wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Hajiya Ungozoma:
A zo kan maganar da iyaye ke yi a raɗa a bakin ƙofa. Zai haihu?

Malam Famasi:
Ga namiji, saikulofosfamaid da danginsa ne abin lura. Ƙasa da giram 4 a kan m², yawanci maniyyi lafiya. Sama da haka haɗarin na hawa. Ku lura, tsarin Burkitt da aka daɗe ana bi a Afirka, 1,200 mg/m² sau shida, giram 7.2 ke nan. Ba hukunci ba ne, da yawa suna haihuwa, amma ya isa dalilin gwaji. Rashin balaga lokacin shan maganin kuma ba kariya ba ce ga yaro namiji.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne ƙwayoyin da ke yin maniyyi sun fi masu yin sinadarin mazakuta rauni nesa ba kusa ba. Gemu ya fito, murya ta buɗe, kwanciyar aure lafiya, amma ruwan ba iri a ciki. Sai a ɗora wa matar, a yi ta kai ta wurin masu magani, a ƙaro ta biyu ita ma shiru.

Ɗan Lab:
Gwajin kuma ba tsada. A ƙaurace wa iyali kwana biyu zuwa bakwai, a tara duka a kwalbar da lab ta bayar, ba a kwaroron roba ba, a kawo cikin awa ɗaya a aljihun da ke jikin mutum don kada ya huce. Ma'aunin Hukumar Lafiya na 2021 ya sa iyakar ƙasa a miliyan 16 cikin kowace mililita. Sakamako ɗaya mara kyau ba a yanke hukunci da shi, a maimaita bayan wata uku, zazzaɓin cizon sauro ma kaɗai yana karya adadin. Wanda aka ga babu kuma kada ya ɗauka har abada ne, wasu suna farfaɗowa bayan shekaru, kada wata rana ciki ya shiga a zargi baiwar Allah.

Hajiya Ungozoma:
Ta mace kuma ƙwan da aka haife ta da shi ke nan, abin da magani ya ƙone ya tafi. In ta kai 13 ba alamar nono, ko 15 ba al'ada, ko al'adar ta zo ta ɗauke wata huɗu ba ciki, a auna FSH, sinadarin jinin da ke nuna ko ƙwan na aiki, da sinadarin mata. Namiji kuma in ya kai 14 maraina ba su fara girma ba. Wata tana al'ada daidai amma za ta ɗauke mata da wuri, tun tana shekara talatin da 'yan kai, don haka a gaya mata kada ta yi dogon jinkirin haihuwa da sunan tazara ba tare da shawara ba. Wadda tata ta ɗauke da wuri tana buƙatar maganin maye gurbin sinadarin har wajen shekara 50, don ƙashi da zuciya. Wadda aka gasa wa ciki ko ƙugu kuma mahaifar ba ta buɗewa sosai, ɓari da bakwaini sun fi yawa, a babban asibiti za ta yi awo ta haihu.

Ɗan Maraɗi:
To a gaya wa dangin da za a haɗa aure da su, ko a rufe? Mutane na gudun gidan da aka ce akwai daji, suna cewa gado ne.

Likitan Yara:
Mafi yawan kansar yara ba gado ba ce, kuma bincike bai nuna 'ya'yan waɗanda suka sha kemo sun fi sauran fitowa da nakasa ba. Wannan a faɗe shi da ƙarfi. Ra'ayina, tunda yanzu ana gwajin jini kafin aure, saurayin ya yi nasa gwajin a asirce tukuna, ya san matsayinsa, sannan a yi magana da wadda zai aura. Unguwa ba ta da haƙƙin sani, ita tana da shi.

Babban togaciya ita ce kansar ido. Wanda ta kama wa ido biyu, gadonta na jikinsa, kowane ɗa da zai haifa yana da rabi da rabi na ɗauka. Mai ido ɗaya ma kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da shi. Jaririnsu likitan ido zai duba cikin kwanakin farko, tun kafin suna in da hali, a ci gaba a kai a kai har wajen shekara biyar. Kada a jira sai an ga fari na walƙiya a ƙwayar ido kamar na kyanwa. Shi kansa mai gadon yana da haɗarin kansar ƙashi da ta tsoka, don haka ciwon gwiwa ko cinya da ya wuce mako biyu, yana tashinsa da dare, a yi hoto, kada a kai wa mai ɗori. A kuma rage masa hoton CT, mai amfani da haske irin na gashi, in hoton MRI ko sikanin, da ba su da wannan hasken, za su yi. Idon da ya rage a sa masa tabarau mai ƙwari kullum, idon roba kuma ana canja shi yayin da fuska ke girma.

Mai Injin Gashi:
Salamu alaikum, na iso a makare. Namu ƙa'idar mai sauƙi ce: duk abin da hasken ya ratsa, shi ake bi. Wanda aka yi wa a Zariya, Sakkwato, Abuja ko Yamai, a koma sashen gashin a nemi katinsa, daban yake da foldar ɗakin yara. A kwafo wurin, jimillar Gy, da yawan zama.

Wuya: gwajin jini na TSH, mai nuna aikin ƙullin gaban wuya da kan kumbura ya zama maƙoƙo, duk shekara da lalube gaban wuya. Kasala, jin sanyi, ƙiba da rashin tsayi ne alamun. Maganin ƙwaya ɗaya ce da safe kafin karin kumallo da rabin awa, a raba ta da maganin ƙarin jini da awa huɗu.

Kai: daga Gy 18 sinadarin girma na iya raguwa. A jingina yaro da bango ba takalmi, a ja layi duk wata shida. Ƙasa da santimita 4 a shekara kafin balaga, a tura shi. Balaga da wuri ma matsala ce, yarinya ta fara nono kafin shekara takwas, ta yi tsayi farat ɗaya ta tsaya a gajeruwa.

Ƙirjin 'ya mace shi ne wanda na fi so a riƙe. Daga Gy 10, haɗarin kansar nono zuwa shekara 50 ya kai wajen kashi 30 cikin 100. Ana fara hoton nono duk shekara daga shekara 25 ko shekara takwas bayan gashin, wanda ya zo daga baya, da MRI in akwai, da duban hannu duk wata shida. Wadda ake mantawa ita ce mai kansar ƙoda da ta haura huhu aka gasa huhun da Gy 12 ko 15 tana 'yar shekara huɗu. Ba wanda ya ce mata nono na cikin filin.

Ciki da ƙugu: gwajin suga duk shekara biyu, duban hanji daga shekara 30, a kuma dubi karkacewar gadon baya lokacin da yaro ke miƙewa. Muƙamuƙin da ya sha Gy 40 kuwa, kada wanzami ko wani ya cire haƙori a ciki, ramin na iya ƙin warkewa ƙashin ya mutu.

Malam Famasi:
Ƙari biyu. Wanda ya sha biliyomaisin, kamar masu kansar Hodgkin, ya gaya wa likitan sa barci kafin kowace tiyata, don iskar oksijin mai ƙarfi na iya tayar da ciwon huhu. Sigari, shisha da hayaƙin murhu a rufaffen kicin ba nasa ba ne. Sai matashin da ya sha deksametazon yana sama da shekara goma ya fara ɗingishi da ciwon ƙugu: kan ƙashin cinya ne ke mutuwa, irin na masu sikila. Hoton ƙashi na farko yakan fita lafiya, MRI ke kamawa.

Ɗan Lab:
Tunda an rinjaye ni, bari in kawo nawa. Duk wanda aka ƙara wa jini a yi masa gwajin ciwon hanta na B da C da ƙanjamau sau ɗaya, aƙalla wata shida bayan ledar ƙarshe. Na C yana warkewa da ƙwayoyi na mako 12. A auna feritin, ma'aunin sinadarin ƙarfen da ya taru a jiki, ga wanda ya sha leda da yawa, amma ba yana cikin zazzaɓi ba, don zazzaɓi na ɗaga shi. In ya yi yawa, a daina ba shi tonik ɗin ƙarin jini da iyaye ke saya don ya murmure. Wanda ya sha etofosaid ko saikulofosfamaid, kasala da ɗashewa da zubar jinin dasashi a cikin shekaru goman farko na buƙatar ƙirgen jini a ranar, ba maganin shawara ba.

Anti Nas:
Rigakafi fa? Katin yara da yawa ya tsaya tun ranar da aka kwantar da su.

Likitan Yara:
Kemo yana goge wani ɓangare na kariyar da aka samu a baya, don haka ana cike gibi, a kuma ƙara. Allurai marasa rai daga wata uku zuwa shida bayan gamawa. Masu rai, irin na ƙyanda da shawara, yawancin cibiyoyi wata shida suke jira, wanda aka yi wa dashen ɓargo kuma shekara biyu. Rigakafin kansar bakin mahaifa da Najeriya ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan shekara 9 zuwa 14 allura ɗaya ce, amma ga waɗanda suka yi kansa ƙa'idar likitocin kansar yara ta Amurka uku ta ce, don haka a nuna takardar a wurin rigakafin.

Wanda aka cire wa saifa, ko aka gasa ta da Gy 40, shi ne na gaggawa. Rigakafin nimoniya da na sanƙarau dole, gidan sauro kullum. Zafin jiki ya kai 38.3, asibiti a cikin awannin nan ko da tsakar dare ne, a gwada zazzaɓin cizon sauro a kuma fara maganin kashe ƙwayoyin cuta tare, ba a jiran sakamako.

Hajiya Ungozoma:
Anti, a ƙara layi ɗaya a takardar sallamar nan: lambar foldar da ta katin gashi. In an je nema bayan shekara goma, da lamba ake tono ta, suna kaɗai ba ya fito da ita.